Zangon Saƙo

Tara na dare a Jekadafari.
Janareton maƙwabta ya yi tari ya yi shiru,
namu kaɗai ke gurnani a bayan sito.
Daga ni sai tsohuwar sabar ofis
mai fankar nan da ke kuka kamar ƙyauren langa-langa.

Kamfani ya kwashe ya koma Bauchi:
kujeru, sikeli, buhunan irin masara,
har agogon bango an naɗe shi cikin tabarma.
Amma suna ba ya shiga mota.
Masu rubuto mana ƙofa ɗaya suka sani,
ita za su yi ta ƙwanƙwasawa.

Manaja Bappayo ya ce, "Gidado,
kawai ka sa ta riƙa miƙawa,"
sai ka ce goro ne a wurin suna.

Na buɗe fayil ɗin saiti, baƙin allo, farin rubutu.
Na ce da ita: daga yau ke ba gida ba ce,
zango ce.
Ki karɓa, kar ki buɗe, kar ki kwana da kayan kowa.
Ki zama ɗan kamashon nan na tasha
da ake ba ambulan da kuɗin ruwa,
ya san direban da zai tashi da asuba.

Na rubuta sunan sabuwar saba,
lambar ƙofarta, kalmar da za su gane juna da ita.
Na manta ɗigo ɗaya.
Ɗigo ɗaya tal!
Saƙon gwaji ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo,
Bauchi ta ce na Gombe ne,
Gombe ta ce ita ba ta san zancen ba,
kamar bashin da ba shi da shaida,
har ya gaji ya faɗi
ya bar mini gawarsa a cikin rajista.

Maigadi ya kawo shayi, ya huce ban taɓa ba.

Na gyara. Sannan na ja sakata:
wanda ba da sunanmu ya zo ba, kar ki ɗauka.
Zangon da ba shi da ƙyaure,
kafin carar zakara 'yan damfara sun shimfiɗa tabarma,
su aika ƙaryarsu da hatiminmu,
gobe duniya ta daina amsa sallamarmu.

Saura sunaye, goma sha bakwai.
Lamela ta akanta, Kawu Manu na sufuri,
Adda Dija mai karɓar baƙi,
kowa na nuna masa sabon akwatinsa.
Sai na sha huɗu ya tsai da ni:
Baba Jalo Hinna, mai sito,
wanda muka kai makwancinsa a watan Sha'aban.

Akwai saƙo uku a layi da sunansa.
Ban buɗe ba, kan maganar kaɗai na gani,
daga ƙungiyar manoma ta Daɗin Kowa:
"Baba, a ajiye mana buhu shida irin na bara."

Ina ake tura wasiƙar mamaci?
Littafin jagora bai faɗa ba.
In na share sunan, na'ura za ta ba su amsa
da layi ɗaya mai sanyi: babu wannan mutum.
Ba haka ake faɗin rasuwa a garinmu ba.

Na sa sunansa a hagu,
na sa nawa a dama.
Gobe zan amsa da hannuna,
in fara da gaisuwa, in tambayi damina,
sannan in faɗa musu a hankali.

Na tashe ta. Layi ya soma raguwa,
arba'in da uku, sha biyu, huɗu,
Bauchi na cewa an karɓa, an karɓa.

Na kashe ƙwan ɗaki, na bar ta a kunne.
Maigadi ya ce, "An gama?"
Na ce saura buhu shida.