Jajibere a Garin Malam

Tun ba a ga wata ba
hancin unguwa ya riga ya ji labari:
man gyaɗa na tsartuwa a kaskon Gwaggo Barira,
ƙamshi ya haura katanga, ko sallama babu.

Na kwance bakin zanena na ƙirga,
jikka biyu da dala sittin.
Fulawa ta ci rabi, sukari ya lashe saura,
ga mai garuwa tsaye bakin zaure yana jiran nasa,
don a Damagaram ruwa ma baƙo ne,
sai an biya masa kuɗin hanya.

Na ce wa yara,
bana Kasuwar Dole ta yi mana nisa,
kowa ya duba abin da ke cikin tafin hannunsa.

Ilu ya tsinto gwangwanin tumatir uku,
ya yanka tsohon silifas ɗina ya fid da tayoyi,
yana huda su da ƙusa, harshe waje,
gumi na ɗiga kamar shi ke tura lodin.
Da gawayi ya rubuta mata Agadas a gefe,
can ubansa ya nufa da buhunan gero
yau kwana goma sha ɗaya.

Cima ta tafi shagon Tanimun tela
ta kwaso abin da almakashi ya zubar,
guntun shaddar wani, bakin leshin wata.
Ta ɗaura wa kara zane, ta kafa masa kallabi.
Ƴar tsana ta fito, hannu ɗaya ya ɗara ɗaya.
Na ce a gyara.
Ta ce, haka aka haife ta, a bar mini ita.

Bayan la'asar muka zauna kan dubulan.
Ni ina murɗawa yadda uwata ta koya mini,
yatsa biyu, juyi ɗaya, a tsunke.
Harira, mai shekara huɗu,
ta dunƙule nata ta ce kunkuru ne.
Muka soya kunkurun.
Ya fi kowa shan mai.

Riɗi ya kama sukari, kantu ya daskare a faranti,
alkaki na nutso cikin zuma kaɗan da ta rage.
Sai wuta ta ɗauke.
Ilu ya riƙe mini tocila,
haskenta na yawo wajen da hankalinsa yake,
kan faranti.

Wani baduku a Birni ya ba mu tarkacen jar fata.
Da ita muka ɗinka wa kaka ƴar jakar goro,
ɗinkin ya karkace kamar lungunan tsohon gari,
amma igiyarta na zugewa, kuma goro uku sun shiga.

Da safe kwanoni suka fita rufe da faifai,
gidan Lawali mai faci, gidan Hajiya Gaji,
har gidan malamin lakwal da ya zo daga Gure.
Ba kwanon da ya dawo da yunwa:
wani da nakiya, wani da dabino bakwai,
wani da dala biyar kwance cikin takarda.

Ina sharar ɗaki na ga layin kiyashi,
daga bakin ƙofa har ƙarƙashin matashin Harira.
Na ɗaga.
Alkaki ɗaya, naɗe a ƙyallen ƴar tsana.
Na Baba ne, in ji ta.
Ta tsuguna tana kallonsu suna ɗiba,
na shirya rarrashi, na zaci kuka.
Sai ta ce, Inna, su ma yau Salla suke?

Azahar waya ta yi ƙara,
yana Tanut, taya ta fashe, sai dare.
Muka kaɗe alkakin, muka hure,
muka sa shi a bayan motar Ilu,
muka rataye motar a ƙusa
inda kiyashi sai sun yi hawa.
Harira ta jawo tabarma ƙarƙashinta
ta ce ita ce mai gadi.
Kafin isha ta yi barci, da sukari a haɓa.