Ƙarfe Biyun Dare a Garin Malam

An ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Barira na minshari bisa takardunta na lissafi,
ni kuwa ido biyu.
Jarrabawa saura kwana uku,
kuɗin tallafi shiru, wata na huɗu.

Na kunna salula, caji saura tara.
Manhajar ta ce: Me ke zaune a ƙirjinki?
Na rubuta: Zan faɗi. Baba ya sayar da ragonsa a banza.
Ta ce: Sake, ki fara da "Ina tunanin cewa."

Na ja tsaki. Amma na sake.
Kalma uku kacal,
sai ga 'yar rata tsakanina da zancen,
irin ta duwatsun Birni
inda akuya ke samun inuwa.

Ban kore shi ba. Na gaji da kora,
in na bi shi da tsintsiya, tulu yake fasa min.
Ya zauna, na zauna.
Na ƙirga numfashi zuwa goma, na ɓace a bakwai.

Da asuba ga-ruwa ya wuce, jarkoki na karo.
Tsoron na nan, ya dai ɗan matsa.
Na buɗe shafi na sha ɗaya.