Awon Gidan Kiyari

Wata bakwai gidan yana kulle.
Sun kwashe ƙasar tsakar gida har gwiwa,
sun cire ƙarafan rumfa da ya saya da arha
wurin mai kamiyon da ya sauko daga ramukan arewa,
sun tafi da gangar da ta zama randa,
sun zuba sabon rairayi daga hanyar Mirriya.
Yau aka turo ni in faɗa ko za a koma.

Na'ura a hannuna tana ƙas, ƙas,
kamar kaza na tsintar tsaba a kan faifai.
Abin da take ji ba shi da wari,
ba ya sa tari yau, ba ya sa zazzaɓi gobe.
Bashi ne mai haƙuri,
sai an manta da shi yake sallama.

Kiyari ya tsaya bakin zaure, bai shigo ba.
Ya ce, “Ƴata, nawa ta ce?”
Na ce, “Baba, lambar ƙasa daban, ta mutum daban.
Sai na san yadda kuke zama.”

Awa nawa kake kwance a ɗakin gabas?
Kan gado ko kan tabarma?
Da bazara, a waje kuke kwana?
Rijiyar nan ta sha ce ko ta wanki?
Zogalen bayan ɗaki, sau nawa yake shiga tukunya?

Ya ce, “Ko alƙali bai titsiye ni haka ba.
Ni kullum ina gida.”
Cima ta gyara mayafi:
“Rubuta rabin yini. Sauran yana gindin dalbejiya yana dara.
Ni ce mai gidan nan daga asuba zuwa asuba,
ni da wannan.”
Ta nuna Mutari, jikanta,
wata goma sha ɗaya, haƙora huɗu,
ya riga ya cika hannu da rairayi, ya nufi baki.

Na buɗe sabon shafi saboda shi.

Da azahar na hau duwatsun bayan Birni.
Nan ma na'ura ba ta yi shiru ba:
dutsen Damagaram yana da nasa numfashin
tun kafin a gina ganuwa.
Wannan rabon kowa ne, na ɗebe shi gefe.
Abin da ya saura
shi ne wanda kamiyo ya kawo.

Na ninka awa da kwana, kwana da shekara,
na ƙara moɗar ruwa, na ƙara lomar tuwo,
na ƙara ƙasar da yaro zai lasa idan ido ya kauce.
Lissafi bai ba ni lamba guda ba,
ya ba ni daga nan zuwa can,
kamar mai awon gero da ba ta san zurfin tiyarta ba.
Tsoho yana ƙasa da layi, da nisa.
Cima tana ƙasa.
Mutari yana ƙasa da faɗin yatsa,
in an rufe rijiya, in an yi daɓen siminti.

Damina kuma ban sani ba.
Sun ce in tabki ya cika yakan zagaye gidan,
ya bar shi tsibiri, a shiga da wando a naɗe.
Abin da ruwa zai tono, ba ya cikin takardata.
Na rubuta: a sake awo a watan takwas.

Kiyari ya saurara har na gama.
Ya ce, “Ke, za ki shimfiɗa ɗanki a nan?”

Alƙalamina ya tsaya.
A makaranta an koya mini kuskuren na'ura,
ba a koya mini wannan ba.
Na ce, “Bayan daɓe, zan shimfiɗa. Kafin daɓe, a'a.”
Ya gyaɗa kai, ya aika a tambayo kuɗin buhu.

Na maƙala ƴar ma'auni a wuyan rigar Cima,
wata uku, kada ta cire sai wanka.
Ta juya ta, ta ce laya ce marar rubutu.
Sannan ta ɗauko tsintsiya.
Na ce, “Inna, yayyafa ruwa tukuna.”
Ta dubi rijiya, ta dube ni,
ta aza tulu ta nufi famfon unguwa.