Damina Biyu a Shekara Ɗaya

Yau na ƙirga, wata goma sha biyu cif.
Ina kan benci a Aboabo,
jaka tsakanin ƙafafu, koko na hucewa a hannu,
motar gida ba ta cika ba tukuna.

Injin haƙar rijiya ne ya kawo ni.
Na zo da sifana, da gwangwanin giris,
da Hausar Gumel da na ɗauka ta isa ko'ina.
Daga Kumasi awa huɗu muka yi cikin kurmi
kafin hanya ta gaji ta tsaya
a ƙauyen da itatuwa suka ƙwace wa sama.
Ni da na saba hango raƙumi tun yana ɗigo,
a can ko bayan ɗakina ba na gani.
Sai da na yi mako ina neman gabas.

Mame Sarwa ce ta ba ni ɗaki.
Ba ta jin nawa, ba na jin nata.
Kiramo take ce mini, ni kuwa na ce Inna.
Daren farko ta ajiye sakwara da miyar kwakwa,
na tauna, na tauna, yara na ta faɗuwa don dariya:
ashe haɗiya ake yi.
Da azumi ya kama, ita mai zuwa coci
ta riƙa riga zakara tashi
tana ɗumama mini wake da shinkafa a ganye.
Har yau ban san wa ya gaya mata lokacin sahur ba.

Rijiya sha ɗaya muka haƙa.
Biyu suka ƙi.
Ta bakwai ta cinye wa Kwajo yatsu biyu,
na naɗe hannun da hiramina,
yana kiran uwarsa, ina kiran Allah,
mota na ta zamewa cikin jan taɓo.
Bayan wata ya dawo aiki,
yana gaishe ni da ukun da suka rage.

Waya sai a kan tudun makaranta,
gefen tabarmin da ake shanya ɗaya kokon,
wanda ke fitowa a jikin itace.
A nan na ji Baraka ta sauka.
A nan na ji kuɗin rago, ban ji ƙamshinsa ba.
A nan aka ce Baffa Lawandi ya cika,
ina cikin ta'aziyya kati ya ƙare,
sauran na yi wa iska.

Ruwa kuwa, ya zo ya tafi ya sake dawowa,
takalmina ya yi furfura a ƙarƙashin gado.
Sau nawa na so in ɗaure hadarin nan
in aika wa geronmu.

An ce kakan kakana da jakuna ya zo ƙasar nan,
wata da watanni a ƙafa, don goro.
Bana na tsaya ƙarƙashin itacen.
Itace ne kawai. Bai san mu ba.
Duk da haka na daɗe a wurin.

In na samu fitowa zango ran Juma'a
sai su ce, "Matarka ya warke?"
Da farko nakan danne dariya.
Jiya a waya na ce wa Baraka "kai",
ta ce, "Wa kake ce wa kai?"

Ga abin da na tara:
'yan sidi a cikin safa, turmi biyu,
ƙaramar riga da ban san ko za ta shige shi ba,
da kwanson koko guda da Inna ta cusa mini.
Zai ruɓe kafin iyaka. Na karɓa.

Takardar wata shekara na aljihun gaba,
ban sa hannu ba, ban kuma yaga ba.
Kwandasta na buga ƙofa, saura mutum ɗaya.
Bari dai in shanye kokon.