Tsakanin Kalaci da Azahar

A tashar jirgin ruwan Kadıköy
Nermin ke yanka tikiti tun asuba.
Sha ɗaya na safe, canji ya fara zame mata,
gumi a ƙeya, alhali iskar teku sanyi ƙarara.

Ta soki yatsa a ƙarƙashin teburi.
Sittin da huɗu. Sukari ya faɗi.
Zabibi cike da tafi, daga aljihun hagu.
Layi na gunaguni. Su jira.

Jiya burodin riɗi ya cilla ta sama,
ɗari biyu da talatin, ƙishirwa har la'asar.
Yau rabi ta ci, da cuku,
ragowar ta tsuntsaye.

Minti goma sha biyar, ta sake sokawa.
Tamanin da tara.
"Na gaba."