Miyar Kabewa a Mattapan

Daren sabuwar shekara, Boston ta daskare,
ni da Mirlande muna aikin kwana a gidan tsofaffi,
muna juya waɗanda 'ya'yansu ke aiko wa kati.

Ƙarfe huɗu ta buɗe kula.
Tururi ya tashi, na ce, "Taushe!"
Ta ce, "Jumu."
Muka yi ta jayayya kan sunan kabewa
kamar masu rabon gado.
"Naman sa ne, daga shagon ɗan Somaliya, saboda kai."

Ta ce kakanninta sun dafa wa iyayengiji,
ƙamshi kawai ne rabonsu.
Ranar da suka tsinke sarƙa
tukunya suka fara ɗorawa.
"Sha da zafinta,
shekara ɗari biyu ke nan ba ta huce ba."

Wani ya bi dare ya rubuta a ƙofarta:
ku koma inda kuka fito.
Ran Asabar 'yan adashensu suka zo, su goma sha ɗaya,
Dieuseul mai tasi ya kawo fenti,
rabi shuɗi, rabi ja.
Mai gida ya yi gunaguni, ya karɓi haya, ya yi gum.

Kwasar Maris ta biya lauyan Wideline.
Ta Afrilu ta tafi Jacmel, ta zama rufin kwano
a kan wata uwa da ba ta san ƙanƙara ba.

Takardar zamanta ta wucin gadi ce,
ana sabunta ta kamar bashin gishiri a maƙwabta.
Duk da haka ta shuka barkono a gwangwani bakin taga,
bai nemi izinin kowa ba ya yi 'ya'ya.

Ɗanta Jephté ya daina amsa ta da harshensu
tun da yara suka kwaikwayi bakinsa a aji.
Ba ta ɗaga masa hannu ba.
Ta ce tukunyarta ba ta jin Turanci.
Kafin magariba yunwa ta kwance masa harshe.

Ƙararrawar ɗaki na bakwai ta kaɗa,
tsohon nan da ya ce kada baƙin hannu ya taɓa shi.
Ta zuba ludayi guda a kofi.
Na ce, "Har shi?"
Ta ce, "Yau ba a hana kowa."

Na zauna ina suɗe kwano,
ina tuna danga a bayan ɗakin Inna a Gusau.
Ashe yaɗon kabewa ya haye teku
tun kafin ni.