Kujerar Falona

Baba Barau ya iso daga Jos ran Laraba,
ya tarar da ita a tsakiyar falo,
wadda na sayo a Wuse da albashin wata uku.
Ƙafa ɗaya gare ta, bayanta a lanƙwashe
kamar wuyan zalɓe a bakin tafki.

Ya zagaya ta sau biyu, bai zauna ba.
Shekara arba'in yana kafinta a Katako.
Ya durƙusa, ya shafa cikinta,
ya shinshina.

"Maɗaci ne. Ko ƙusa ɗaya babu.
Wannan yaron ya sha duka wajen koyo."

Sai ya zauna ƙasa da kofin shayinsa,
ya ɗora hannu a kanta
kamar kafaɗar aboki.